Kitse ya hau a jinina, ga shi ina shirin gudun fanfalaki: in sha magani ko gudun ya isa?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Kaduna, shekarata 49. Bara na shiga wata ƙungiya ta masu motsa jiki, muna fita gudu bayan sallar asuba ranar Asabar da Lahadi. Alhamdulillahi teɓa ta ragu, barci ya gyaru, yanzu ina iya yin kilomita 10. Mun yanke shawara da abokai za mu je gudun fanfalaki na Legas a watan Fabrairu, cikakken kilomita 42.

Wata biyu da suka wuce aka yi mana gwajin jini a wurin aiki, aka ce kolestarol ɗina ya hau: jimla 7.3, LDL kuma 5.3. Likita ya rubuta mini atorvastatin, na saya amma ban fara sha ba. Abokan gudu sun ce yana kashe tsoka, kuma wanda ya fara ba ya dainawa har ya mutu, gudun ma kaɗai zai ƙone kitsen. Yanzu dai zogale da tafarnuwa nake sha. Ba na shan taba. Mahaifina ya rasu yana da shekara 52, ya dawo daga kasuwa ya ce ƙirjinsa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ni lafiyata lau, sai ɗan ƙwannafi da ke taso mini in muna hawan tudu, da na sassauta sai ya wuce, ina jin olsa ce. Uwargida ta dage sai na je an duba zuciyata, ni kuwa ina ganin ɓarnar kuɗi ce. In sha maganin ko in bar gudun ya yi aikinsa?

Mai karatu daga Kaduna

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinka. Zan zo kan maganin, amma bari mu fara da ƙwannafin nan da ka jefo a tsakiyar wasiƙa kamar ba komai ba.

Olsa ba ta san tudu ba. Ciwonta yana bin yunwa, ko yaji, ko tsakar dare, ko abin da mutum ya ci. Zafin ƙirjin da yake jiran sai an fara hawan tudu ya taso, da an sassauta ya lafa cikin 'yan mintuna, wannan siffar zuciyar da jini bai ishe ta ba ce a lokacin da take aiki tuƙuru. Mutane suna tsammanin ciwon zuciya sai ya zo kamar sukar mashi. Sau da yawa nauyi ne kawai, ko matsewa, ko zafi-zafi a tsakiyar ƙirji, wani lokaci ya hau wuya ko muƙamuƙi, ko ya gangara hannun hagu. Yana iya yiwuwa naka ƙwannafin gaske ne, domin gudu yana tayar wa wasu da ruwan ciki. Amma namiji ɗan shekara 49, mai LDL 5.3, wanda mahaifinsa ya dafe ƙirji ya tafi a shekara 52, ba shi ne zai yanke wa kansa wannan hukunci ba. Ana ɗaukarsa ciwon zuciya ne har sai likita ya tabbatar ba shi ba ne.

Saboda haka daga yau ka ajiye gudu. Tafiya a hankali a shimfiɗaɗɗen wuri babu laifi matuƙar ba ta tayar da zafin ba. Ka nemi ganin likitan zuciya a cikin makon nan, kada ka ce sai albashi ya shigo. In kuwa zafin ya zo maka kana zaune, ko ya ɗauki minti goma bai tafi ba, ko ya haɗo da gumi mai sanyi da tashin zuciya da sarƙewar numfashi, a kai ka sashen gaggawa na babban asibiti nan take, kuma kada ka tuƙa kanka. Uwargida ta fi ka gaskiya a wannan magana, ka gaya mata na ce haka.

Ga abin da ke faruwa a ciki. LDL shi ne mai ɗaukar kolestarol a cikin jini, kuma in ya yi yawa yana kutsawa cikin bangon jijiyoyin jini ya maƙale. Shekara da shekaru yana taruwa, ba ciwo ba alama, har ya zama wani ƙullutu a cikin bangon, kamar maruru mai siririyar fata a bakinsa. Hanya biyu yake cutarwa. Ko dai ya girma ya ƙuntata jijiyar, jini ya ishi zuciya in kana zaune amma ya gaza in kana hawan tudu. Ko kuma wata rana ya fashe, jini ya daskare a wurin ya toshe hanyar gaba ɗaya cikin mintuna, shi ne bugun zuciya. Gudu mai tsanani yana ɗaga bugawar zuciya da ƙarfin tunkuɗar jini, don haka a cikin wannan sa'ar da kake haki haɗarin fashewar yana ƙaruwa. A tsawon shekaru kuwa mai motsa jiki ya fi mai zaman kujera tsira nesa ba kusa ba. Duka biyun gaskiya ne, shi ya sa ake dubawa kafin a ƙara nisa.

Maganar abokanka cewa gudu zai ƙone kitsen, sun haɗa abu biyu ne da ba ɗaya ba. Kitsen teɓa makamashi ne, jiki yana ƙona shi, ka ma gani a wandonka. Kolestarol ba a ƙona shi. Yawancinsa jikinka ne ke yin abinsa, musamman hanta, kuma hantar ce ke tsamo shi daga jini. Motsa jiki yana gyara hawan jini, yana gyara suga, yana rage ɗaya maiƙon da ake rubutawa TG a takardar gwaji, yana ɗan ɗaga HDL, wato mai kwashe kolestarol ya mayar da shi hanta, amma LDL kaɗan yake taɓawa. Hujjar tana hannunka: ka shekara kana gudu, sannan aka auna aka sami 5.3. Gyaran abinci da motsa jiki, in an dage, ga yawancin mutane da wuya su rage fiye da kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Ko mun ba ka ashirin ɗin, ka dawo wajen 4.2, har yanzu kana sama. Likitoci suna ɗaukar LDL da ya kai 4.9, wato 190 a ɗaya ma'aunin da wasu ɗakunan gwaji ke amfani da shi, a matsayin wanda ake ba wa magani kai tsaye, kuma a yi zargin na gado ne. Irin wannan na gadon yana samun kusan mutum 1 cikin 250, kuma mai shi tun yana yaro jininsa ke ɗauke da shi.

Akwai wani Ba'amurke mai suna Jim Fixx, wanda a ƙarshen shekarun 1970 yana cikin waɗanda suka sa Amurkawa suka rungumi gudu. Ya fara ne yana ɗan shekara 35, ya bar taba, ya zubar da ƙiba, ya zama abin misali. A watan Yulin 1984 ya faɗi a gefen hanya a jihar Vermont yana cikin gudunsa na kullum, yana da shekara 52. Da aka bincika gawarsa sai aka tarar manyan jijiyoyin zuciyarsa uku sun ƙuntace ƙwarai. Mahaifinsa ya yi bugun zuciya yana da shekara 35, ya mutu yana da 43. Mai yiwuwa gudun ya ƙara wa Fixx shekaru a kan na mahaifinsa, amma bai goge abin da ya gada ba.

Na san in aka yi zancen faɗuwa a fili mu nan Sam Okwaraji muke tunawa, a filin wasa na Surulere a 1989 ana karawa da Angola, ko Marc-Vivien Foé na Kamaru a birnin Lyon a 2003. Nasu daban ne da naka. Matasa irinsu galibi matsalar tsokar zuciya ce ko ta wutar da ke sarrafa bugawarta. Wanda ya haura 35 kuwa, mafi yawan mutuwar fuju'a a wurin motsa jiki daga toshewar jijiyoyin nan take zuwa. Labarin da ya fi dacewa ka riƙe shi ne na Nwankwo Kanu. A 1996, bayan ya ciyo zinare a gasar Olamfik, gwajin lafiya a ƙungiyar Inter Milan ya gano matsala a bawul ɗin zuciyarsa, wato ƙofar da ke hana jini komawa baya, alhali yana ganin kansa garau. Aka yi masa aiki a Amurka, ya dawo ya yi shekaru yana taka leda a Arsenal da sauransu.

Kada kuma tsoro ya yi maka yawa. Wani bincike da aka buga a 2012 ya bi mutum miliyan 10.9 da suka yi cikakken gudun fanfalaki ko rabinsa a Amurka tsakanin 2000 da 2010. Mutum 59 ne zuciyarsu ta tsaya, 42 suka mutu. Kaɗan ne ƙwarai. Sai dai yawancinsu maza ne, abin ya fi faruwa a cikakken gudun, kuma ya fi zuwa ne daf da ƙarshen tsere. Aikin likita shi ne ya ga ko kana cikin 'yan tsirarun nan, kuma wasiƙarka ta ba shi dalili uku na dubawa.

In ka je, ka faɗi komai yadda ka faɗa mini, har da yadda mahaifinka ya rasu da shekarunsa. Mahaifi ko ɗan'uwa namiji da ya yi ciwon zuciya kafin 55, ko mahaifiya ko 'yar'uwa kafin 65, abu ne da likita ke rubutawa da jan biro. Za a auna hawan jini, wanda ba ka ambata ba sam, da suga, da ƙoda, da hanta, a sake gwajin kitsen don a tabbatar. Ana kuma duba tayirod, abin nan na wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, domin in ya yi sanyin aiki kolestarol yana hawa. Kada ka yi mamaki in likita ya ce ka cire safa ya shafa agararka. Masu na gado kan sami ƙulli a wurin.

Sai ECG, gwajin da ke zana yadda zuciya ke bugawa. A nan mutane da yawa ke yaudarar kansu. Mutum ya shiga ɗakin gwaji a bakin titi, a manna masa wayoyi yana kwance, na'ura ta fitar da takarda a ce masa lafiya lau, ya naɗe ya sa a aljihu ya koma gudu. ECG na kwance yana nuna halin zuciya ne a daƙiƙun da aka ɗauka, tana hutawa, kuma da yawa daga masu ƙuntatacciyar jijiya nasu kan fito ba aibu. Akasin haka ma yana faruwa: baƙar fata mai yawan motsa jiki ECG ɗinsa kan nuna wasu lanƙwashe-lanƙwashe da na'ura ke ɗauka ciwo alhali ba komai. Don haka idon likitan zuciya ake so a kan takardar. Bayan shi akwai eko, hoton da ke nuna tsoka da bawul suna aiki. Akwai gwajin da ake sa mutum ya yi tafiya a kan na'urar gudu, ana ƙara mata sauri da tudu ana kallon ECG da hawan jini, wato a kawo tudun naka cikin asibiti a ga abin da ke faruwa. Shi ma yana da iyaka, ya fi kama jijiyar da ta ƙuntace sosai, ƙaramin ƙullutu kan wuce shi. Akwai kuma hoton CT, wani yana ƙirga kalsiyam da ya taru a bangon jijiyoyin zuciya, wani ana zuba ruwan hoto a jini a ga cikin jijiyoyin kansu. Wanne za a yi, wanne za a fara da shi, wannan na likita ne, kuma tunda kana da alama yana iya tsallake wasu ya tafi kai tsaye ga mai nuna jijiyoyin. Kana kusa da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ga na Malam Aminu Kano a Kano, ga Abuja; duk akwai likitocin zuciya. Kuɗi za su fita, ban musa ba. Ka lissafa kuɗin mota ko jirgi zuwa Legas da masauki da takalmin gudu, ka fara kashe su a nan.

To, maganin. Eh, ka sha, kuma tunda likita ya riga ya rubuta, ba sai ka jira sakamakon sauran gwaje-gwajen ba; ka dai sanar da likitan zuciyar ranar da ka fara. Atorvastatin yana cikin dangin statin, waɗanda ake amfani da su tun 1987, kuma kaɗan ne magungunan da aka bincika kamar su. Yana rage yadda hanta ke ƙera kolestarol, sai ita kuma ta ƙara tsamo LDL daga jini. Mai ƙarfinsa yana iya raba LDL biyu, 5.3 ta koma wajen 2.6. Manyan gwaje-gwaje sun nuna duk ragin 1.0 a wannan ma'auni yana rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi ɗaya cikin biyar.

Ciwon tsoka gaskiya ne yana samun wasu, amma an zuzuta shi. A 2022 an tattara gwaje-gwaje 19 inda aka ba wasu statin, wasu kuma ƙwayar da ba magani a cikinta, ba wanda ya san wadda yake sha. Kashi 27.1 na masu shan maganin sun yi ƙorafin ciwon tsoka, na masu shan ƙwayar banza kuwa kashi 26.6. Wato ɗan shekara hamsin dama jikinsa yana ciwo, balle mai gudu. In ka ji ciwon da bai yi kama da gajiyar da ka saba ba, musamman a cinyoyi biyu ko kafaɗu biyu lokaci guda, ka koma wurin likita ya rage ko ya canza maka wani, kada ka yar da shi shiru. Abin da ba a jira da shi shi ne ciwon tsoka mai tsanani tare da fitsari ya koma kalar baƙin shayi. Wannan ba kasafai yake faruwa ba, amma na asibiti ne a ranar. Ka riƙa gaya wa duk mai rubuta maka magani cewa kana shan statin, domin wasu ba sa jituwa da shi, kamar clarithromycin da wasu magungunan ƙanjamau. Yana kuma ɗan ɗaga suga ga wanda dama yake bakin gaɓa, shi ya sa ake aunawa. Bayan mako 6 zuwa 12 a sake gwaji a ga inda aka kwana.

Batun cewa ba a dainawa, ba kama mutum yake yi ba. In ka daina, hantarka ta koma aikinta na da, lambar ta koma inda take. Iyakar abin ke nan.

Zogale ka ci gaba da cinsa, kwaɗonsa ma ya fi daɗi. Tafarnuwa a miya. Amma babu ɗayansu da zai sauko da 5.3 zuwa inda ake so. Wurin da abinci zai taimaka maka shi ne tukunya. Kusan rabin manja irin kitsen nan ne mai ɗaga LDL, man shanu ya fi haka, man gyaɗa kuwa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Ba cewa na yi a kori manja daga gida ba, a dai daina barin miya tana iyo a cikinsa, kuma cokalin man shanun nan da ake kwararawa a kan tuwo ya zama na ranar sallah. In ka tsaya wurin mai tsire, ka san yankin nan fari da yake tsirawa tsakanin tsoka da tsoka, mai ɗiga a kan garwashi yana tayar da ƙamshi? Ce masa ya cire. Haka kitsen balangu, da ƙwaƙwalwa da kayan ciki, da fanke da cincin da aka soya a man da ya sha wuta har ya yi baƙi. Ka yawaita wake, kuɓewa, kuka, ganye, kifi, gyaɗa daidai cikin tafin hannu, da gero da dawa da ba a surfe su sun yi fari tas ba. Wani abin da ke faruwa da ƙungiyoyin gudu na ƙarshen mako kuma, a gama kilomita 10 a zarce wurin mai shayi a ci ƙwai huɗu da burodi da bota, a ce ai an biya. Ba a biya ba.

Fabrairun nan dai ka cire cikakken gudun daga lissafi, ko da gwaji ya fito da kyau. Daga kilomita 10 sau biyu a mako zuwa 42 tsalle ne mai nisa, yana son watanni na horo kwana uku ko huɗu a mako, ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan, a bi ta kan 21 tukuna. Sannu ba ta hana zuwa. In likita ya sake ka, gasar Legas ɗin tana da rukunin kilomita 10, ka shiga shi ka ɗanɗana iskar can, domin wanda ya yi horo a busasshen hunturun Kaduna zai sha mamakin yadda gumi ke ƙin bushewa a Legas. In kuma an sami toshewa, ba ƙarshen motsa jiki ba ke nan. Da magani, wani lokaci da buɗe jijiyar, mutane da yawa suna komawa fili, likita ne dai zai sa maka iyakar da ba za ka wuce ba. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke nema ga lafiyar babba minti 150 zuwa 300 ne a mako na motsa jiki matsakaici, kuma tafiya da sauri ta shiga ciki.

In ka koma, kada ka yi gudu da zazzaɓi a jikinka ko washegarin da ya sake ka. Kada ka sha ibuprofen ko diclofenac ko haɗin ciwon jiki na kemis kafin dogon gudu, suna wahalar da ƙoda a lokacin da ruwan jiki ya yi ƙasa. Asfirin ma kada ka ɗora wa kanka shan sa kullum sai likita ya ce. In jininka AS ne ka faɗa masa, domin zafi da ƙishirwa da matsanancin gudu sun fi takura wa masu shi. Da azumi kuwa dogon gudu ya koma bayan shan ruwa. Jiri, suma, hakin da ya wuce na kullum, ko zuciya ta riƙa bugawa barkatai, duk dalilin tsayawa ne a wurin, ko abokai za su yi maka tsiya.

Su abokan naka, tunda suna son ba da shawara, ga aikin da ya dace da su. A binciken nan na Amurka, abin da ya fi raba waɗanda suka rayu da waɗanda suka mutu shi ne ko wani na kusa ya fara danna musu ƙirji nan da nan. Haka aka ceto Christian Eriksen na Denmark a 2021, da dannar ƙirji da na'urar da ke farfaɗo da zuciya da wutar lantarki, duniya tana kallo. Mu kuwa in mutum ya yanke jiki ya faɗi sai a kewaye shi, wannan na fifita, wancan na yayyafa ruwa, wani na ƙoƙarin ɗura masa madara. In mutum ya faɗi ba ya amsawa kuma ba ya numfashi yadda ya kamata, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa a riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, wani kuma ya nemo mota. Ku gayyaci ma'aikacin jinya ko likita wata Asabar ya koya muku da hannu, sa'a ɗaya ta isa. Na tabbata a ƙungiyar taku akwai waɗanda suka girme ka kuma ba su taɓa auna ko hawan jini ba.

Sai 'yan gidanku. In likita ya tabbatar naka na gado ne, kowane ɗanka da kowane wanda kuke uba ɗaya, in ta wurin mahaifinka ka gaje shi, yana da yiwuwar rabi da rabi na ɗauke da shi, mace ko namiji, siriri ko mai jiki. Ka kira yayyenka da ƙannenka ka gaya musu lambar da aka samu a jininka, su je su auna nasu. Yaran ma ana auna su tun suna wajen shekara goma, ka tambayi likitan lokacin da ya dace a kawo su.